A-kori-kurata ta dawo daga farauta tana kuka, bakanike ya ce a sauke giyabos

Mai Farar Hilux: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu a-kori-kura. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Motata Hilux ce ƙirar 2012, mai shan gas, injin 2KD. Ranar Asabar muka shiga daji farauta, ni da abokaina biyu da karnuka huɗu. An kwana ana ruwa, hanya duk ta jiƙe. Mun ƙetare wani rafi, ruwan bai kai bakin ƙofa ba amma ya shanye fiye da rabin taya. Muna haurawa ta kafe a taɓo, na sa L4 (giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu), da ƙyar ta fita. Daga nan na mayar da ita H4 (jan tayoyi huɗu a gudun da aka saba) muka ci gaba. Da yamma gajiya ta rufe ni, na hau kwalta ban cire oksilari ba, wato tana nan a H4, na yi tafiyar da ta kai kilomita 60 a haka. Sai da na zo shan kwanar gida na ji sitiyari ya yi nauyi, tayoyin gaba suna ƙugi kamar ana jan su a ƙasa. Na ja sandar in mayar H2 (jan tayoyin baya kaɗai), ko motsi ta ƙi yi. Washegari da na yi ribas zan fita sai ta saki da kanta. To yanzu da na kai gudun 50 zuwa 70 sai in ji wani siririn kuka daga ƙasa, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ya canza murya. Bakaniken da na kai wa ko ƙarƙashinta bai leƙa ba, ya ce giyabos ne, a sauke. Hankalina bai kwanta ba.

Direban Daji: Wa'alaikumus salam. Kada ka bari kowa ya ɗora sifana a kan giyabos ɗin nan tukuna. Jira Baba ya shigo.

Tsohon Bakanike: Ga ni. Ɗana, sannu da wannan ɗawainiya. Abubuwa biyu ne suka same ka a rana ɗaya, kada ka haɗa su wuri guda. Na farko shi ne taurin sitiyari da ƙin fitar sanda. Motarka ba ta da abin da yake raba gudu tsakanin gaba da baya. Da ka sa H4, farfelar gaba da ta baya sun zama kamar ƙarfe ɗaya, dole su juya daidai wa daida. To a kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa, domin su ne suke zagayowa ta waje. A kan yashi ko laka babu damuwa, taya ɗaya za ta ɗan sulɓe, ƙarfin ya fita. A kan busasshiyar kwalta babu inda zai fita, sai ya taru a cikin ƙarafan, suna murɗe juna kamar ana matse wanki. Shi ya riƙe maka sanda. Ribas ɗin da ka yi da safe shi ya warware murɗewar. Duk wanda hakan ta same shi, ya miƙar da sitiyari ya yi baya mita biyar ko goma, ko ya sauka gefen hanya inda ƙasa take da taushi, sandar za ta fita ba tare da kokawa ba. Na biyu shi ne kukan. Kafin in ce komai, faɗa mini: in ka taka kuloci motar tana cikin gudu, kukan yana ɗaukewa? Kuma yana bin lambar giya ne ko yana bin gudun mota?

Mai Farar Hilux: Baba na gwada ɗazu. Ko na taka kuloci yana nan, sai dai ya ragu kaɗan. A giya ta uku da ta huɗu duk murya ɗaya ce, muddin gudun ɗaya ne.

Tsohon Bakanike: To ka wanke giyabos daga zargi, aƙalla a yanzu. Kukan da yake bin gudun mota, yake canza murya in ka ba ta wuta ko ka ɗaga ƙafa, daga aksul yake fitowa. Kuma rafin nan nake zargi, ba kwaltar ba. A saman bak-aksul akwai wani ɗan hanci na numfashi, bai fi kan yatsa ba. Aksul yana ɗaukar zafi in an yi tafiya. Da ka tsoma shi cikin ruwan sanyi, iskar da take ciki sai ta tsuke, ya zuƙo abin da yake kusa da shi. In hancin yana ƙarƙashin ruwa, ruwa zai sha. In kuma laka ta toshe hancin, sai ya zuƙo ta bakin sil. Gobe da safe ka sa a kwance noti na ƙasa a tara man a cikin kwano mai tsabta, kana tsaye a wurin. Lafiyayyen mai yana da duhun zuma. In ka ga ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Notin yana da maganaɗisu a kansa, ka shafa da yatsa: laushin toka ba komai ba ne, amma in ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, boris ya fara ci. A duba na gaba ma, da na akwatin oksilari.

Mai L200: Wannan matsalar ce ta sa ban rabu da Mitsubishi ba. Tawa tana da Super Select, ina tafiya da tayoyi huɗu a kan kwalta lokacin damina, babu abin da yake murɗewa. Ku masu Hilux suna kawai kuke saye.

Direban Daji: Malam, ba kowace L200 ce take da shi ba, ka faɗa wa mutane gaskiya kada wani ya je ya kashe tasa. Masu Easy Select daidai suke da Hilux, in ka bar su a kwalta za su murɗe. Ko taka ma, in ka kai ta matakin da yake kulle tsakiya, hukuncin ɗaya ne. Maganar suna kuwa, tun 1968 ake ƙera Hilux. Yaƙin Chadi da Libiya na 1987 har sunan Toyota aka laƙaba masa saboda aikin da waɗannan motoci suka yi a hamada. Ba talla ce ta ba ta wannan sunan ba.

Mai L200: Na karɓi gyara kan Easy Select, gaskiya ne. Amma ina nan kan bakata, wanda yake yawan hawa da sauka tsakanin kwalta da daji ya fi samun sauƙi da irin tawa.

Shugaban Zaure: A bar musun kamfani haka nan, mun yi shi ya fi sau goma a zauren nan. Mutum yana da mota a kwance.

Mai Ranger: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne shiga rafin. Yaya, ka sauka ka auna ruwan kafin ka shiga, ko da ido ka yanke hukunci?

Mai Farar Hilux: Da ido ne wallahi. Na saba bin wurin da rani.

Mai Ranger: Allah ya tsare gaba. Wurin da ka sani da rani ba shi ne wurin da za ka tarar bayan ruwan dare ba, ruwa yana haƙe rami a inda jiya babu. Ni sai na naɗe wando na shiga da sanda, na taka inda kowace taya za ta bi. In ruwan ya fi ƙarfin ƙafata, ban sa mota. A takarda an ce Ranger tana shiga ruwa mai zurfin milimita 800, sabuwar Hilux kuma 700, amma wannan a ruwa mai kwanciya ne da ƙasa mai tauri, ana tafiya a hankali. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da manyan motoci irin namu. Kuma aksul ƙaramar asara ce in aka kwatanta da inji. Injin gas yana matse iska sama da ninki 15, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. In ya bi ta bututun iska ya shiga silinda, fistin zai taso ya tarar da bango, sai kwanrod ya lanƙwashe. Na ga wanda aka ciro, ya tanƙware kamar lauje. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murɗa makulli. A jawo ta waje, a buɗe gidan matatar iska a gani ko ta jiƙe.

Tsohon Bakanike: Haka yake. Sau da yawa murɗa makullin nan na biyu shi ne yake ƙarasa injin.

Sabon Shiga: Don Allah manya a taimaka mini da tambaya, wata uku ke nan da sayen tawa. Ana cewa a rage iskar taya a yashi. Ba zai ɓata tayar ba?

Direban Daji: Ƙanena, ragewar ce take hana ka kwana a daji. In ka sauke iska zuwa 18 ko 20 a geji, tafin tayar yana ƙara tsawo, sai motar ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi. Sharuɗɗan su ne: ban da gudu, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi, kuma kada ka yi ƙasa da 15 sai in dole, domin tayar tana iya fita daga bakin rim. Da ka dawo ƙasa mai tauri ka mayar da iskarka. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta zafi take ɗauka har ta fashe. Saboda haka wanda ba shi da famfon da ake jonawa a baturi, kada ya fara ragewa. Sannan da ka ji ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka. Ƙarin wuta ƙarin kabari ne. Sauka ka share yashin gaban tayoyi da shebur, ka koma baya a kan sawunka.

Mai Ranger: A ƙara masa da maganar ja. Kada ka taɓa rataya igiyar ja a kan ƙwallon nan na jan tirela da yake baya. Ba don fizga aka yi shi ba. In ya karye, igiyar tana harbo shi kamar dutsen gwafa, kuma gilashin motar da take baya yake nufa. An rasa rayuka ta wannan hanya. A nemi ƙugiyar da aka ɗaure a jikin shasi, a yafa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiyar, kowa ya ja da baya nesa.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, wallahi a ƙwallon nake niyyar ɗaurawa. Wata tambayar kuma. Abokaina suna so mu ɗora manyan fitilu a saman rufi mu riƙa fita da daddare. Sun ce in haske ya bugi idon barewa tsayawa take yi, in ta gudu kuma a bi ta da mota har ta gaji. Wace irin fitila ce ba ta cinye baturi?

Tsohon Maharbi: Ɗana, tun ɗazu ina karatu ban sa baki ba, domin ban san inji kamar su ba. Amma wannan maganar tawa ce. Shekarata arba'in da wani abu ina shiga daji, kuma ina roƙonka kada ka fara. Abin da abokanka suke kira farauta ba farauta ba ce. Farauta ita ce ka bar mota nesa, ka duba inda iska take kaɗawa, ka bi sawu, ka gane na jiya da na yau, ka durƙusa a bayan kurmi har ƙafarka ta yi sanyi. Dabbar tana da hanci da kunne da gudu, kai kana da haƙuri da dabara. Wata rana ka samu, wata rana ta tsere, kuma tserewar nan ita ce ta sa har yau akwai abin farauta. Mota ba ta gajiya. In ka sa ta a bayan barewa ka ƙwace mata abu ɗaya da Allah ya ba ta na kare kai. Cikin dare kuma ido biyu kawai kake gani suna ƙyalli. Ba ka san mace ce mai ciki ba, ba ka san mai shayarwa ce ba, ba ka ma tabbatar dabbar daji ce ba. Makiyayi yana kwana a daji, dabbobinsa ma idonsu yana ƙyalli.

Mai L200: Baba, da girmanka, amma zamani ya canza. Da can da kwari da baka ake yi, aka koma bindiga, babu wanda ya ce an daina farauta. Mota ma kayan aiki ce. In mutum ɗaya ya kama barewa ɗaya, mene ne bambancin ko da ƙafa ya bi ta ko da taya?

Tsohon Maharbi: Tambayarka tana kan hanya, Malam, bari in ba ka amsa. Bambancin shi ne mai mota ba ya tsayawa a ɗaya, kuma ba wadda ya kama kaɗai yake kashewa ba. Dabbar da aka kora da gudu mai tsawo, ko ta kuɓuta, naman jikinta yana lalacewa daga ciki saboda wahala da zafi, sai ta je ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu a inda babu mai gani. Likitocin dabbobin daji sun san wannan ciwon sarai. Ka kori garke na goma, ka ɗauki ɗaya, ka bar wasu suna mutuwa a bayanka, ga 'ya'yan da suka rabu da iyayensu. Kuma ba hasashe nake yi ba, an gani. Maririn Larabawa ya ƙare ƙaf a daji a 1972, ayarin mafarauta masu motoci ne suka share shi, sai da aka kiwata 'yan kaɗan da suka rage a gidajen namun daji aka mayar da su Oman a 1982. Maririn Sahara mai dogon ƙaho, a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji, sai a 2016 aka fara sake sakinsa a Chadi. Dubban shekaru mutane suna farautar waɗannan dabbobi da ƙafa da doki da raƙumi ba su ƙare ba. Mota da bindigar zamani suka shigo, cikin 'yan shekaru aka neme su aka rasa. Shi ya sa dokokin ƙasashe da yawa suka hana harbi daga cikin mota da farauta da fitila.

Mai L200: Ban san maganar mutuwarsu bayan kora ba. Wannan ta shige ni. Amma fari da yawan kiwo ma sun taimaka wajen ƙarewarsu, ba mota kaɗai ba.

Tsohon Maharbi: Sun taimaka, ban musa ba. Sai dai fari ba a hannunmu yake ba, sitiyari kuwa a hannunmu yake.

Direban Daji: Ko ta fuskar motar ma asara ce. Gudu a cikin ciyawa da daddare, ba ka ganin kututture, ba ka ganin ramin dabba. Tayar gaba ta faɗa rami a gudun 60, ƙafar motar ta tafi, waɗanda suke tsaye a baya kuma su yi sama. A-kori-kura tana da tsayi, bayanta ba nauyi in babu kaya, saurin kifewa gare ta.

Tsohon Bakanike: Tunda an ambaci ciyawa, ku riƙa leƙa ƙarƙashin mota duk lokacin da kuka tsaya. Busasshiyar ciyawa tana naɗewa a jikin farfela da salansa, tana taruwa a kan farantin kariya. Sababbin motocin gas masu matatar hayaƙi, in suna ƙone toka, zafin wurin yana kai maki 600 a ma'aunin Salsiyos. Na taɓa zare damin ciyawa daga ƙarƙashin wata mota, gefensa ya riga ya yi baƙi yana hayaƙi. Ƙugiyar waya mai tsawon hannu ta isa wannan aikin. 'Ya'yan ciyawa kuma suna toshe lagireto, allurar zafi ta fara hawa, sai wani ya ce a cire tamostat. Kada ku yarda. A wanke lagireton daga baya zuwa gaba, a duba ko fanka tana kamawa.

Sabon Shiga: Baba Maharbi, na ji kuma na fasa. Zan nuna wa abokan nawa wannan bayanin. In ba damuwa, yaya kake ɗaukar bindiga da karnuka a mota?

Tsohon Maharbi: Allah ya yi maka albarka. Bindiga ba ta shiga mota da harsashi a cikinta, ko tafiyar minti biyu ce. A cire, a buɗe ta a duba da ido, a sa ta a jakarta a kwance, harsashi a wani wuri dabam, takardar izini a aljihu. Gargadar hanya da kare mai tsalle da kunamar bindiga ba sa zama wuri ɗaya. Kuma kada ka jawo ta daga mota ta bakinta. Karnuka kuwa, ka ɗora tafin hannunka a kan ƙarfen bayan motar da rana. In ba za ka iya barinsa a wurin ba, su ma ba za su iya tsayawa ba. Shimfiɗa roba ko katako, ka yi musu inuwa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, don haka ruwansu dabam nake ɗauka, ina tsayawa ina ba su. Keji ya fi. In babu, a ɗaure gajere a tsakiya ta yadda ba zai kai gefe ba. Na rasa wata karya mai kyau saboda doguwar igiya: ta hango zomo ta yi tsalle, kafin in tsaya ta rataye a jikin bodi. Shekara goma sha ke nan, har yau ina jin abin.

Mai Farar Hilux: Jama'a na dawo da labari. Na kai ta wani garejin, na tsaya a kansu kamar yadda Baba ya ce. Man bak-aksul ya fito fari-fari, har da ɗigon ruwa a gindin kwanon. Notin yana da ɓarɓashi mai suka. Hancin numfashin laka ta toshe shi ƙam, da alama tun ba yau ba. Da aka buɗe, boris ɗin finiyon (ƙarfe mai haƙora da farfela take juyawa a cikin aksul) ya yi tsatsa da ƙananan ramuka, amma haƙoran lafiya lau. Man aksul na gaba da na akwatin oksilari ba su sha ruwa ba. Giyabos ko taɓa shi ba a yi ba. Tayoyin gaba ne dai suka ɗan ci a gefe.

Tsohon Bakanike: Alhamdulillahi. Tsatsa da ramuka ba aikin kwana uku ba ne, ruwan ya daɗe yana shiga, rafin Asabar ƙarasa shi kawai ya yi. A canza boris ɗin duka biyu da sil, kada a canza ɗaya a bar ɗaya. Ka tabbata wanda zai haɗa ya san awon matsi da tazarar haƙora, ya shafa fenti a haƙoran ya juya ya ga inda suke haɗuwa. In aka ɗaure da ka, kukan zai dawo ya fi na da. Mai kuma GL-5 za a zuba, 80W-90, amma ka duba jikin aksul ɗin ko akwai takardar da aka rubuta LSD, wato aksul mai rage sulɓewar taya ɗaya ita kaɗai, domin irin wannan mansa dabam ne.

Mai Ranger: Tunda an buɗe, ka sa a cire ɗan hancin a jona tiyo, a ja shi sama har cikin gidan inji, a sa ƙaramar matata a bakinsa. Na gaba ma haka.

Mai Farar Hilux: An riga an sayo tiyon, gobe za a ja. Baba, bayan an haɗa sai yaushe zan sake duba man?

Tsohon Bakanike: Ka yi kilomita 500 ba tare da kaya mai nauyi ba, sannan ka zubar da shi ka zuba sabo, domin ya wanke sauran danshin da ya maƙale a cikin hannayen aksul. Ka turo mini hoton notin in ka kwance.